Maje da Kwalin Milan

A Peckham, in aka ce Malam Maje, ba a neman ƙarin bayani. Mutumin Gumel ne, dogo, mai gemun da ake gyarawa duk Alhamis. Shekara ashirin da tara ya yi yana tuƙa bas mai hawa biyu a titunan London, kuma yakan so a san bai taɓa goge ko madubin wani ba. Amma ba da tuƙi ya yi suna ba. Da saƙo ya yi.

Tunda yake, Maje bai taɓa hawa jirgi da kayansa shi kaɗai ba. Ya kai magani Kano, ya kai takardun makaranta Zariya, ya taɓa kai tayar keken guragu har Nguru. Kuma yana da ƙa'ida guda wadda ba ya karyawa: hannu da hannu. Ba ya barin saƙo wurin maigadi, ba ya ba maƙwabci. "Amana ba a jefa ta a akwatin gidan waya," in ji shi, yana ɗaga yatsa, kamar shi ya fara faɗa a duniya. A yi masa adalci, saƙon talaka ma yakan kai. Sai dai na masu gidajen nan da ke kewaye da masallacin Regent's Park shi yake rungumewa a ƙirji, kuma shi ake jin labarinsa wata uku bayan an dawo.

Matarsa Shafa'atu ba mai yawan magana ba ce. Shekara ashirin da biyu tana aiki a gidan kula da tsofaffi, tana ɗaga su, tana kwantar da su, har gwiwoyinta suka cinye. A can ne wata tsohuwa 'yar Italiya, wadda Shafa'atu ke taje wa kai, ta ba ta kalanda. Tsohuwar ta daɗe da mutuwa, shekarar kalandar ma ta daɗe da wucewa, amma tana nan rataye a kicin ɗinsu, a buɗe a shafi ɗaya. Hoton wani gari ne da ake kira Positano: gidaje ruwan hoda da rawaya da farare, an jera su kan dutse wani bisa wani kamar kwanukan jere, ƙasansu teku shuɗi. Tsohuwar ta gaya mata ba a ganin garin haka sai daga cikin ruwa.

Duk shekara in rana ta fara ɗumi, Shafa'atu kan tsaya da ludayi a hannu ta ce, "Malam, yaushe?"

Shi kuma ya ce, "In sha Allahu, bana ko baɗi."

An yi baɗi goma sha tara.

Sai likita ya ce za a yi mata aiki a gwiwa a watan Oktoba, ɗaya bayan ɗaya, kuma ta manta da hawan bene mai tsawo har sai abin da Allah ya yi. A makon nan 'yarsu Ikram, mai aikin haɗa magani a Stratford, ta zo da takardu ta ajiye kan tebur.

"Baba, na yi booking. Kwana biyar. Kai da Umma kawai, just the two of you. Ranar Alhamis ƙarfe goma akwai jirgin ruwa, zai zaga da ku gaban garin har Amalfi. Kujera biyu, a gaba. Don Allah kada ka gaya wa kowa."

Maje ya dube ta kamar ta zage shi. Mutum ya bar ƙasa bai yi sallama ba? Ai ko ɓarawo yakan gaya wa abokinsa. Ranar Juma'a ya sa babbar riga mai aska takwas, ya tsaya a harabar masallaci bayan an idar, duk wanda ya miƙo hannu sai ya ji cewa Maje zai leƙa Italiya, a yafe juna. Kafin la'asar labari ya kai inda yake so ya kai. Hajiya Teema, matar Alhaji Hamdan mai harkar jiragen dakon kaya, ta aiko ya zo.

A falonta da ke hawa na shida ya zauna a bakin kujera, rabin jikinsa a iska, an ajiye masa lemon kwalba bai buɗe ba. Hajiya ta fito waya a kunne, ta gama maganarta tukuna.

"Malam Maje, na ji za ka Italiya. Ai ɗana Baha'uddeen na can yana karatu."

"Ma sha Allah. A wane gari, ranki ya daɗe?"

"Milan. Ai duk Italiya ce."

"Ƙwarai kuwa. Maƙwabta ne."

"Yawwa. Ni ba na yarda da kowa sai kai. Ga ɗan kwali nan, ka sa masa a hannu."

Kalmar nan ta "sai kai" ita ta ɗauko kwalin daga hawa na shida zuwa tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, daga tube zuwa bas, har Peckham. Kwali ne babba, an naɗe shi da salatif ruwan ƙasa kamar gawar Fir'auna. A Rye Lane ya ci karo da Abdul-Basit mahauci, mutumin zangon Kumasi, wanda ba ya bambanta mace da namiji a Hausarsa, kuma ba ya bambanta babba da yaro a tsokanarsa.

"Alaji Maje! Hutu za ka ko dako? Matanka ya gani wannan kaya?"

"Amana ce ta manya, kai dai yanki namanka."

"To, Allah ya kai giginya lafiya. Mu na nesa muna jiran inuwa."

Maje ya yi dariya, don ya ɗauka yabo ne.

A gida Ikram ta buɗe taswira a waya ta sa masa a gaban hanci. Ga Positano can ƙasa, ga Milan can sama. "Baba, ya fi daga nan zuwa Edinburgh. Post it. Ni zan kai gidan waya gobe."

"Ke yarinya ce. Hajiya ta ce hannu da hannu."

Shafa'atu tana ninke kaya, ba ta ɗago ba. "Mai zuwa Ilori ne aka ba saƙon Katsina," ta ce a hankali.

"Ni da na tuƙa London shekara talatin ba ɗaya, Italiya ce za ta gagare ni? Kwana ɗaya ne, in je in dawo."

Da aka ɗora kaya a sikeli, nauyi ya wuce abin da jirgi ya yarda. Ba a taɓa kwalin ba. Shafa'atu ta fitar da filas ɗin shayinta, da matashin da take ɗumama gwiwa da shi, da zani biyu. Leshi shuɗi da ta ɗinka musamman don ranar Alhamis, shi kaɗai ta riƙe.

Ranar Litinin mota ta sauke su a bakin titi a saman Positano, direba ya nuna musu wata siririyar hanya tsakanin gidaje ya ce masaukinsu na can. Matakala ce, ɗari biyu da wani abu. Akwai masu dako, an ba su akwati. Kwalin kuwa Maje ya hana a taɓa. Ya naɗe hannun babbar riga, ya ɗora kwalin a ka, ya riƙe da hannu biyu, ya shiga gaba. Turawa masu gajeren wando suna ta ɗaukarsa hoto, shi kuma yana gyara tafiya, don ya tabbata aikin rigar ne ya burge su. Sau ɗaya Shafa'atu ta miƙa hannu a wata kwana mai santsi. Ba ta sami hannu ba, ta kama bango.

Ɗakin yana da ɗan baranda. Daga nan ana ganin rufin gidaje suna gangarawa, da itatuwan lemon tsami masu 'ya'ya kamar kan jariri, da ƙubbar wani coci mai tayil kore da rawaya, sannan ruwa har iyakar gani. Shafa'atu ta zauna ta miƙe ƙafa, ta zuba wa teku ido. Maje ma yana barandar, amma ya ba teku baya, ya ɗaga waya sama yana neman sabis. Sau bakwai ya kira Baha'uddeen. A na takwas aka turo rubutu: "Ok uncle."

Da asubahin Talata ya ɗaura agogo.

"Gobe da la'asar ina nan. Jirgin ruwa sai jibi, da sauran lokaci."

"Malam, na ga gidan waya a ƙasa, kusa da inda aka sauke mu."

"Shafa'atu, kin san halina."

"Na sani," ta ce. "Allah ya kiyaye hanya."

Ana cewa hanyar da ta tashi daga Positano zuwa Sorrento tana cikin mafi kyau a duniya, tana bin gefen dutse, teku na ƙasa. Maje ya bi ta, kwali a cinya ya tare masa taga. Abin da ya gani shi ne ƙeyar direba, kuma ya lura mutumin ba ya rage gudu a kwana yadda ya kamata. Ya faɗa masa da Turanci, direban ya ƙara rediyo. Daga nan ƙaramin jirgin ƙasa zuwa Napoli, a tsaye. Daga Napoli babban jirgi, awa biyar. Maƙwabta ne, kamar yadda ya faɗa.

Ya isa gidan da aka rubuta masa da la'asar. Ya danna ƙararrawa, shiru. Ya kira, shiru. Can sai rubutu ya shigo: "Sorry uncle ina Como da friends, gobe da safe." Maje ya sami wani masauki kusa da tasha, ya kwantar da kwalin a gefen gado da ba ya kusa da ƙofa.

Laraba tun hantsi yana kan benci a gaban gidan. Akwai wata tsohuwa mai kula da ƙofar, 'yar gajeruwa mai tsintsiya. Ta fito ta dube shi, ta nuna kwalin, ta nuna ɗakinta inda saƙonnin mutanen gidan suke jibge, kowane da suna. Ba ta jin Turanci, amma ko kurma ya gane. Maje ya dafa ƙirji, ya girgiza kai, ya yi murmushin wanda ya san abin da wasu ba su sani ba. Ta ɗaga kafaɗa ta koma. Da sha biyu ta sake fitowa, ta sake nunawa. Ya sake dafa ƙirji.

Ƙarfe ɗaya waya ta yi ƙara.

"Malam, Ikram ta duba. Akwai jirgi ƙarfe biyu da kwata. In ka hau shi za ka kwana nan."

"Yaron yana hanya."

"Ba wanda za ka bar wa?"

Ya dubi tsohuwar, tana tsaye a ƙofa ta jingina da tsintsiya. Tasha tafiyar minti goma ce. Ya tuna falon Hajiya, ya tuna yadda za a tambaye shi, "Ka gan shi? Ya rame?" Me zai ce? Ya ce ya bar amanar gidan Alhaji Hamdan a hannun mai shara?

"Ki yi haƙuri, yanzu zai zo."

Ta ce, "To."

Baha'uddeen ya zo bayan ƙarfe shida, da tabarau a goshi da ƙaramar jaka. Yaro ne mai fara'a, bai san ya yi wa kowa komai ba.

"Uncle! Sannu, wallahi traffic. Ai da ka bar wa signora mai kula da ƙofa, kowa wurinta yake bari."

"A'a, ɗana. Hajiya ta ce hannu da hannu." Ya miƙa da hannu biyu, yana ɗan rusunawa, ko da yake ya girmi uban yaron.

A nan bakin ƙofa Baha'uddeen ya yanka salatif da makulli. Shinkafar tuwo ce ƙulli biyu manya, da kuka, da daddawa, da yaji, da garin ɗanwake. Ya yi dariya.

"Mummy kenan. Na gaya mata ba na girki. Kuma shinkafa a nan ma noma ta ake yi." Ya tura kwalin da ƙafa ɗakin tsohuwar, inda zai kasance tun jiya da an bari. "Uncle, London za ka koma ko? Perfect. Jira ni."

Ya hau sama ya sauko da wata jibgegiyar jaka. Rigunan sanyi ne, yana so a kai wanki a gida. Shi ma mako mai zuwa zai je London hutu, amma ba ya son tafiya da kaya.

Akwai abubuwa da dama da mutum zai iya cewa a wurin. Maje ya ce, "Ba komai, ai yi wa kai ne."

Ranar Alhamis, ƙarfe goma na safe, yana cikin jirgin ƙasa wani wuri tsakanin Bologna da Firenze, inda rami ya fi sarari yawa. Ya duba agogo, ya dubi taga, ya ga fuskarsa.

Rana ta yi sanyi lokacin da ya sauko matakalar nan da jaka a ka. Bai sa babbar riga ba wannan karon, kuma ba wanda ya ɗauke shi hoto. Ɗakin a kulle. Ya zauna a dakali yana shirya abin da zai faɗa, har ya samo hadisi biyu kan riƙon amana. Sai ya hango ta tana hawowa daga ƙasa, daga bakin ruwa, taka ɗaya ta huta, taka ɗaya ta huta, hannu a bango. Shuɗin leshin ne a jikinta, ta ɗora malfar kaba a kan ɗankwali, iskar teku ta busar mata da leɓe. Bai taɓa ganin ta da malfa ba.

"Sannu da zuwa, Malam. Ya hanya?"

"Alhamdu lillahi. Kin... kin je ne?"

"Na je. Da na idar da asuba na fara sauka, ina hutawa duk taka goma. Na riga kowa isa." Ta zauna a ɗaya gefen dakalin tana murza gwiwa. "Yana nan yadda yake a kalanda. Har cocin. Matar nan ba ta yi ƙarya ba, sai daga ruwa ake ganinsa."

"Ke kaɗai?"

"Kujerarka ba wanda ya zauna. Jakata na ɗora." Ta dubi abin da ke gabansa. "Wannan fa?"

"Na Hajiya ne. Yaron ya bayar."

"Ma sha Allah," ta ce. Hadisan nan biyu ba su sami wurin fitowa ba.

"Gobe sai mu koma tare," in ji shi. "In saya mana wani tikitin."

Juma'a aka tashi da iska. Teku ya koma ruwan toka, yana dukan bakin gaɓa. Maje ya sauka har ƙasa shi kaɗai, ya tarar an ɗaure jirage, an manna takarda a tagar masu tikiti. Ya hawo yana haki ya ce an yi cancel. Shafa'atu tana baranda, tana shan shayi a kofin masauki. Ta ce Allah bai nufa ba. Ba ta faɗi ko wane ne bai nufa wa ba.

Ranar Asabar aka sake ɗora kaya a sikeli. Wani faranti mai zanen lemon tsami da ta saya a Amalfi ta naɗe shi a ɗankwali ta riƙe a cinya har London, don jakar rigunan sanyi ta cinye wurin.

Washegari Maje ya kai jakar hawa na shida. 'Yar aiki ta buɗe, ta ce Hajiya na barci, a bari. Ya ce a'a, zai jira. Ya jira a bakin kujerar nan har ta fito.

"Wace jaka? Au, Baha. Ai Laraba zai zo, da ya bari ya taho da ita. Sannu fa, Malam Maje. A ba shi lemo."

Ba ta tambaya ko yaron ya rame ba.

Da ya koma gida ya shiga kicin neman ruwa, ya ga ƙusa a bango da farin murabba'i inda fenti bai dushe ba. An sauke kalandar. Bayan kwana biyu Ikram ta kawo hoto a firam ta rataye a wurin. Shafa'atu ce a gaban jirgin ruwa, shuɗin leshi, malfa, tana dariya har ana ganin wushiryarta, garin duka a bayanta kamar an jera mata shi. Wata Baturiya ce ta ɗauka. A gefenta kujera ce, da baƙar jaka a kai, an ɗaura hannun jakar a ƙarfe kada iska ta ɗauke.

An yi aikin gwiwa ta farko a Oktoba, ta biyu bayan ƙaramar salla. Yanzu tana tafiya da sanda, kuma council, hukumar unguwa, ta sauya musu flat zuwa hawan ƙasa. Hoton ya biyo su. Rana ta yi ɗumi bana kamar kowace shekara, Maje ya yi ta shiga kicin yana fita, yana gyaran murya. Ta tambaye shi ko gishiri ya ji a miya. "Malam, yaushe?" kuwa ba ta ƙara tambaya ba.

A harabar masallaci kuwa labarin ya yi kyau. Ana cewa Maje ya ratsa Italiya daga ƙasa har sama don ƙullin kuka, ya ƙi bai wa mai gadi, ya kwana biyu yana jira. Alhaji Hamdan da kansa ya miƙa masa yatsu biyu ya ce irinsu sun yi ƙaranci. Maje ya sunkuyar da kai, ya ce tarbiyya ce.

Abdul-Basit ne kawai, yana sara ƙashi a Rye Lane, ya ce, "Alaji, ba ni labarin teku mana. Matanka ya ce kyau kamar aljanna."

Maje ya ce tashar jirgin Milan babba ce ƙwarai, rufinta kaɗai abin kallo ne.

"Na ce teku."

"Teku ai ruwa ne," in ji Maje. Ya karɓi ledar namansa, da wata leda ta biyu da Abdul-Basit ya ce a miƙa wa wani a Stratford in an sami hanya, ya fita neman bas.